Yadda ake fitar da kumfar iska daga na'urar ƙananan magudanai

A watan Afrilu ne na fara sanin cewa kumfa ba abar rainawa ba ce, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Mun ɗora gwajin jini tun da safe, komai na tafiya daidai, sai na tsallaka gadar Kennedy na je gida cin abinci. Ko da na dawo, ɗalibar da na bari a labo ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce: "Malam, ruwan fa ya tsaya." Na leƙa mikroskop, sai ga ƴar kumfa ta yi zaune a tsakiyar magudana, gefenta baƙi ƙirin, tsakiyarta na ƙyalli, ta tare hanya kamar babbar mota ta mutu a kan gada. Jajayen ƙwayoyin jinin da muke ƙirgawa sun yi cunkoso a bayanta, waɗanda muka manna a ƙasan magudanar kuwa ta share su kaf a inda ta bi. Aikin kwana biyu ya tafi a banza.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba: ƴar aba ce da ba ta wuce faɗin akwatin ashana ba, an sassaƙa mata hanyoyin ruwa masu faɗin mikron 10 zuwa ƴan ɗaruruwa. Mikron ɗaya shi ne milimita an kasa ta dubu, kuma silin gashin kai yakan kai mikron 50 zuwa 100. Masu ilimin suna kiran fannin mikrofuluwidik, mu kuwa a labo "pus" muke ce wa na'urar, kamar dai pus ɗin waya. Yawancin waɗanda ke zuwa hannunmu da wata robar silikon mai suna PDMS ake zuba su, a manna a kan gilashi. Ƙungiyar George Whitesides ta jami'ar Harvard a Amurka ce ta yaɗa wannan hanya tun 1998. Robar nan tana da hali biyu da duk wannan bayani ya rataya a kansu: tana ƙin ruwa kamar ganyen da aka shafa wa mai, amma iska tana ratsa jikinta sannu a hankali. Halin farko shi ke jawo mana kumfa, na biyun kuma shi ke taimaka mana mu rabu da ita.

Ka fara sanin daga ina ta fito

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka taɓa sirinji, ka tsaya ka dubi kumfar, don ta hanya uku take zuwa, kuma kowace da maganinta.

Akwai wadda aka rufe a ciki tun lokacin cikawa. Ita za ka same ta a kusurwa, ko a lungun da ba shi da mafita, ko a bayan ƴan ginshiƙan da ke cikin magudana. Tana nan tun minti na farko, ba ta motsi. Akwai wadda ta biyo tiyo, doguwa ce kamar tsiran alade, tana zuwa daga mashiga tana tafiya tare da ruwa. Sai ta ukun, wadda ta fi cin rai: ba ka shigar da ita ba, a ciki aka haife ta. Ka bar pus ɗinka tas, bayan awa biyu ka ga ɗan ɗigo a jikin bango, bayan awa uku ya kumbura ya cika hanya. Wannan ita ce ta ɓata mana aikin Afrilun nan, kuma a ƙasarmu ita ce ta fi yawa.

Dalilinta kuwa zafi ne. Ruwa yana riƙe iska a narke, kuma gwargwadon sanyinsa gwargwadon yawan da yake riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 4 tana ɗauke da iskar oksijin wajen miligiram 13, a digiri 37 kuwa ba ta kai 7 ba. In ka haɗa da nitirojin, mililita ɗaya ta ruwan da ka ɗauko daga firigo za ta iya amayar da iska kusan mikrolita 10 idan ta ɗumama (mikrolita ɗaya shi ne mililita an kasa ta dubu). To ka auna: magudana mai faɗin mikron 100, zurfin mikron 50, tsawon santimita 2, gaba ɗaya abin da take ci mikrolita 0.1 ne. Ke nan iskar da ke ɓoye a mililita ɗaya tak ta isa ta cika magudanar sau ɗari. Duk wanda ya taɓa ajiye ruwan sanyi a kofin gilashi ya ga ƴan kumfa sun jeru a jikinsa, ya ga wannan abu da idonsa.

Kayan da za ka tanada

Ba sai ka jira kaya daga Faransa ba. Sirinji na mililita 10, 20 da 60, robine mai hanya uku irin na ƙarin ruwa, da tiyon ƙarin ruwa mai ƴar tayar matsewa, duk ana samunsu a farmasi. Sai alkol mai kashi 70 cikin ɗari wanda ba shi da launi ko ƙanshin kafur, ruwa tatacce, matacin bakin sirinji na mikron 0.22, salatif mai tsabta, da tukunyar zuƙe iska wadda ake kira desikata tare da pamponta. In pampon ya gagara, tsohon kwampireson firigo yana yin aikin. Namu a kasuwar Katako muka samo shi, mai gyaran firigo ya sa masa tiyo a bakin da yake zuƙa. Yana fesa ɗan mai ta ɗaya bakin, saboda haka a waje muke ajiye shi, ta taga tiyon ke shigowa.

Mataki na farko: ka raba ruwan da iskarsa

Kada ka taɓa ɗauko ruwa daga firigo ka ɗura kai tsaye. Ka fito da shi ya zauna a zafin da za a yi gwajin, ko ma ya ɗara da digiri ɗaya ko biyu, murfin a sassauce, aƙalla awa biyu. In ya kwana a haka ya fi. Ruwan da ya huce daga ɗumi yana da ƙishin iska, in ya tarar da ƴar kumfa sai ya shanye ta. Wanda yake ɗumama kuwa amai yake yi.

Bayan haka ka tace shi. A lokacin hunturu ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ba ta barin komai, kuma kowane ɗan ƙwayar ƙura gado ne da kumfa ke kwanciya a kai ta girma. Shi ma pus ɗin ka manna masa salatif a kan ramukansa har lokacin da za ka yi aiki da shi.

Sannan ka zuƙe iskar. In da desikata, ka sa ruwan a kwalba mai faɗin baki, kada ya wuce rabinta, ka kunna pampo minti 20 zuwa 30. Akwai abin da ke ruɗa sababbin ɗalibai a nan. Ruwan da ke digiri 35 yana tafasa da zarar matsi ya sauka zuwa kusan milibar 56 (matsin iskar ɗaki kusan milibar 1000 ne, wato bar 1), ba tare da wuta ba. In ka ga manyan kumfa suna tasowa ba ƙaƙƙautawa, ba iska ba ce, tafasa yake yi, kuma in ruwan gishiri ne kaurinsa yana ƙaruwa. Ka ɗan buɗe robine ka rage ƙarfin zuƙar.

In babu desikata, ko an ɗauke wuta, sirinji ya isa. Ka ja ruwa mililita 20 a sirinji na 60, ka ɗaga bakin sama ka fitar da iskar da ke kai, ka rufe robine. Sai ka ja sandar baya da ƙarfi har wajen 50, ka riƙe, kana ƙwanƙwasa jikin sirinjin da yatsa. Za ka ga ruwan ya yi fari da ƙananan kumfa kamar an buɗe lemun kwalba. Ka sassauta sandar a hankali bakin yana sama, ka buɗe robine, ka tura iskar da ta taru waje. Ka maimaita sau huɗu ko biyar har ka ga kumfar ta ja baya. Hannu yana gajiya, amma ruwan yana fita da kyau, kuma ga shi a cikin sirinji a rufe, ba zai sake shan iska da wuri ba.

Ruwan renon ƙwayoyin halitta shi kam a yi masa a hankali. Akwai bikarbonat a cikinsa, in ka zuƙe shi da yawa iskar kabon za ta fita, sai ka ga jan launinsa ya koma shunayya, alamar ya tashi daga yadda ƙwayoyin ke so. Ga shi kuma suna buƙatar oksijin su rayu. Irin wannan, ka bar shi ya kwana a akwatin reno a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, tare da tiyo da pus ɗin gaba ɗaya, kowa ya ɗauki zafi ɗaya.

Mataki na biyu: cikawar farko

A nan ake cin yaƙin ko a sha kashi. Busasshiyar magudanar PDMS ba ta maraba da ruwa, sai ya bi tsakiya ya bar kusurwoyi da iska.

In kai ne ka manna pus ɗin da kanka da na'urar pilasma (iska ce mai ɗauke da lantarki da ke sa roba ta kama gilashi, ba ruwan jini ba), to ka ci sa'a, domin pilasma tana sa robar ta so ruwa na ɗan lokaci. Ka ba mannin ƴan mintoci ya kama, sannan ka ɗiga ruwa a mashiga, za ka ga ya shige da kansa. Wannan hali yana gushewa cikin awoyi, sai dai in ka bar magudanar cike da ruwa. Saboda haka ka cika, ka nutsa pus ɗin cikin kwanon ruwa tatacce, ka rufe.

In kuwa ya daɗe a ajiye, alkol ne abokin tafiya. Fuskar ruwa tana da wani ɗauri kamar fata, wanda ke sa ɗigo ya dunƙule. Na tsantsar alkol bai kai sulusin na ruwa ba, a ma'aunin masana 22 ne a kan 72, shi ya sa yake kutsawa kowane lungu. Ka ɗura shi sannu, kana kallo a mikroskop yadda bakinsa ke tafiya. Kada ka yi gaggawa, bakin ruwan da ke gudu shi ke tsallake kusurwa. In ya cika ko'ina, ka bi shi da ruwa tatacce da ka zuƙe, mai yawa, sannan ruwan gwaji. Kada ka bi alkol da jini ko ruwa mai furotin kai tsaye, zai dunƙule ya toshe maka hanya, ka gudu gara ka faɗa gidan zago. Kuma ka haɗa alkol ɗinka tun jiya, don shi kansa gauraya alkol da ruwa yana tayar da ƙananan kumfa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: in pus ɗinka na roba mai tauri ne irin PMMA, wato pileksigilas, alkol yana tsattsaga shi, musamman wanda aka yanka da leza. A nan sai ka koma ga sabulun labo, Tween 20 kashi 0.05 cikin ɗari, ko Pluronic F-127, in gwajinka zai jure su.

Ga pus mai lunguna da yawa, ko mai ɗakunan da ba su da mafita, ba abin da ya kai nutsarwa a desikata. Ka sa shi cikin kofi, ramukan suna kallon sama, ka zuba ruwa ya shanye kansa, ka ɗora masa wani abu mai nauyi don kada ya taso. Ka zuƙe iska minti 20 zuwa 30. Za ka ga kumfa na fita daga ramukan a jere kamar carbi. In sun tsaya, ka kashe pampo, ka buɗe wa iska hanya a hankali ƙwarai. Matsin iskar ɗaki shi zai danna ruwan cikin magudanai. Ɗan abin da ya rage kuma robar za ta shanye, domin ita ma an zuƙe ta, tana jin yunwar iska. Ka bar shi a nutse minti 10 kafin ka duba. Wannan yunwa ta robar har aiki ake sa ta: akwai na'urorin gwajin jini da ake rufewa a leda bayan an zuƙe su, in an yage ledar aka ɗiga jini sai su ja shi ciki ba pampo ba lantarki.

Akwai kuma dabarar iskar kabon. Ka hura ta cikin busasshen pus na minti ɗaya ko biyu ta kore iskar ɗaki, sannan ka ɗura ruwa. Tana narkewa a ruwa fiye da oksijin sau 25 da wani abu, fiye da nitirojin sau 50, saboda haka duk kumfar da ta rage narkewa za ta yi. Tana sa ruwan ya ɗan yi tsami, sai a wanke sosai. Ga pus na gilashi ko roba mai tauri, waɗanda iska ba ta ratsa jikinsu, wannan dabara ta fi kowace amfani.

Mataki na uku: haɗa tiyo, ɗigo da ɗigo

Wani tsohon majo da na yi aiki a ƙarƙashinsa farkon fitowata makaranta, in ya ga na ɗauko sirinji ina sauri sai ya ce: "Yaro, ɗaga bakin sama, ƙwanƙwasa, sai ka ga hawaye a bakin allura tukuna." Abin da ya koya mini don jijiyar mutum shi nake yi wa pus yau. Tiyo mai ramin rabin milimita, tsawon santimita 30, yana cin kusan mikrolita 60, wato ninkin magudanar nan tamu sau 600. In ka bar iska ko da tsawon ƙwayar gero a cikinsa, ta isa.

Ka cika sirinji, bakin sama, ka ƙwanƙwasa, ka fitar da iska. Ka lura da wuyan sirinji da cikin robine, nan take ɓuya. Ka juya robinen ta kowace fuska ruwa ya wanke hanyoyinsa uku. Ka tura har ɗigo ya rataya a bakin tiyo. A kan ramin mashigar pus ma ka ɗora babban ɗigo ya yi tudu. Sai ka kawo ɗigon tiyo ya sumbaci ɗigon pus, su zama ɗaya, sannan ka cusa bakin a cikin ruwan. Busasshe ba ya haɗuwa da jiƙaƙƙe, ko da sau ɗaya. In za ka cire tiyo don canja ruwa, ka fara ɗora ɗigo a gindinsa kafin ka zare, don ramin ya sha ruwa maimakon iska. Mafi kyau ma kada ka cire, ka canja sirinji ta robine.

In kana aiki da pampon sirinji, ka jingine shi yadda bakin sirinjin zai ɗan kalli ƙasa. Duk kumfar da ta taso daga baya sai ta hau wajen sanda ta zauna can.

In ta riga ta maƙale

Abin da hannu ke so ya yi shi ne danna sirinji da ƙarfi. Kada ka biye masa. Ƙaramin sirinji na mililita 1 sandarsa siririya ce, in ka ɗora mata nauyin kilo ɗaya da babban yatsa, matsin da ke fita ya kusa bar 6. Mannin pilasma tsakanin PDMS da gilashi kuwa abin da aka san yana jurewa bar 2 zuwa 3 ne, wanda aka ɗora kawai ba pilasma ko rabin bar ba ya kaiwa. Na ɓalle pus fiye da ɗaya ta wannan hanya kafin in yi hankali. Da sirinji na mililita 10, wannan nauyin bai wuce bar 0.6 ba. Babban sirinji ya fi aminci a hannu.

Ka kuma san abin da ya sa take turjewa. Kafin kumfa ta matse ta wuce ƙuntatacciyar hanya, sai an rinjayi ɗaurin fatar nan tata, kuma gwargwadon ƙuncin hanya gwargwadon ƙarfin da ake buƙata. A hanya mai faɗin mikron 100, matsin ruwa mai tsayin santimita 30 ya kusa isa. A mai mikron 10, sai na mita 3. In kuma magudanai biyu ne a jere, ruwan da kake turawa zai bi wadda take buɗe ya bar kumfar a zaune, kana ta wahalar banza.

Ga yadda nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

In kumfar tana babbar hanya kusa da mafita, ka ɗan ƙara gudun ruwa na ƴan daƙiƙoƙi, kana ƙwanƙwasa saman robar da bayan pipet, wato ɗan bututun ɗiban ruwa na labo, daidai kanta. Ka karkata pus ɗin mafita ta kalli sama. A cikin siraran magudanai karkatawar ba ta yin komai, amma a ramukan mashiga da manyan ɗakuna tana taimakawa. In tana kusa da mashiga, ka ja ta baya a hankali ta koma inda ta fito, ka fitar da ita ta robine.

In ta ƙi, sai a koma ga hanyar da na fi yarda da ita, wato a toshe mafita a matsa ta ta fita ta jikin roba. Ka matse tiyon mafita da ƴar tayar nan ta ƙarin ruwa, ka toshe duk wani rami in ban da mashiga. Ka ɗauki sirinji na mililita 20, ka ja ruwa mililita 5 da iska mililita 10. Ka riƙe shi a tsaye bakin yana ƙasa, ruwan a ƙasa, iskar a sama. Ka haɗa shi ta robine, ɗigo da ɗigo. Sai ka danna sanda har iskar ta matsu daga 10 zuwa 8. Wannan ya ba ka rubu'in bar daidai, ba tare da wani ma'auni ba. In ka kai ta 7, bar 0.4 da ɗoriya ke nan. Iskar nan ita ce matashin da ke hana hannunka yin ɓarna. Ka ɗaure sandar da robar ɗaure kuɗi, ka koma mikroskop.

Minti na farko za ka ce ba abin da ke faruwa. Ka ɗauki hoto, ka jira minti uku, ka sake ɗauka, sai ka ga gefenta ya ja baya. Ƙarama takan ɓace cikin minti 5 zuwa 10, babba tana iya cin rabin awa ko fiye. Gwargwadon ƙanƙancewarta gwargwadon saurinta, a ƙarshe sai ka ga ta yi ƙyaf ta ɓace. Kada ka saki matsin nan take. Iskar tana nan cikin robar dab da bango, in ka saki da sauri za ta dawo inda ta fito. Ka ƙara minti 10, sannan ka sassauta a hankali, ka buɗe mafita, ka juya robine zuwa sirinjin ruwan da ka zuƙe. Wancan ruwan da ya zauna ƙarƙashin matsattsiyar iska ya ƙoshi da ita, ba na gwaji ba ne kuma.

In akwai ƙwayoyi masu rai a ciki, ka tsaya a rubu'in bar ko ƙasa, kuma kada ka yarda kumfar ta yi tafiya a kansu. Ba nauyinta ke kashe su ba, bakinta ne, inda iska ta haɗu da ruwa, yake fizge su yana yaga fatarsu. Gara ta narke a inda take.

Ga pus na gilashi ko roba mai tauri, toshe mafita ba zai fitar da iska ta bango ba. Abin da ya rage shi ne ka yi ta gudanar da ruwan da aka zuƙe sosai ta gefenta, da ɗan matsi, yana lasarta har ta ƙare. In babu abu mai rai a ciki, sau da yawa ya fi sauri ka busar da pus ɗin gaba ɗaya ka sake cikawa daga farko.

Don kada ta dawo cikin dare

Bayan abin da ya faru a Afrilun nan, mun yi kwanaki muna zargin ruwa, muna zargin tiyo. Ashe rabin laifin yana ƙarƙashin tebur. Kwalbar da ruwan mafita ke zuba a ciki, ɗalibar ta ajiye ta a ƙasa don kada a ture ta, ni ma ban ga aibin hakan ba. Tebur kuwa tsayinsa santimita 80. Ruwan da ke gangarowa cikin tiyo yana ja kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota, sai matsin cikin magudana ya faɗi ƙasa da na ɗaki da kusan milibar 80. Robar da iska ke ratsawa kuwa ba ta zaɓen fuska: in matsin ciki ya fi, iska ta fita, in na waje ya fi, ta shigo. Da hannunmu muke shayar da kumfar.

Saboda haka kwalbar mafita a sama da pus take zama, da santimita 10 zuwa 20, bakin tiyon a nutse cikin ruwa. Kowane santimita 10 yana ba ka milibar 10 na matsi, kaɗan ne, amma ya isa ya juya akalar iskar zuwa waje. Da wannan dalili ne kuma nake hana sa pampo ya ja ruwa ta mafita in har turawa za ta yiwu.

Sauran rabin laifin na zafi ne. An ɗauke wuta da rana, kilim ya tsaya, ɗakin da ke digiri 25 ya haura 35 cikin awa guda, ruwan da ke cikin sirinji ya fara amai. Tun daga nan ruwan da za mu yi dogon gwaji da shi a ɗaki mafi zafi muke ajiye shi kafin a zuƙe, ba a mai sanyi ba. Fitilar mikroskop ma tana ɗumama wurin da take haskawa, in ba kallo kake ba ka kashe ta. Kuma kada iskar kilim ta riƙa bugun pus tana tsayawa.

Ga gwajin da zai kwana, ka sa tarkon kumfa dab da mashiga. Ana sayar da masu fatar PTFE, wato robar nan da aka fi sani da Teflon, wadda ke barin iska ta wuce ta hana ruwa, amma na hannu ma yana aiki. Ka sa robine mai hanya uku a kan layin, hanya ta ukun tana kallon sama, ka ɗaura mata sirinji a tsaye cike da ruwa. Kumfar da ta biyo tiyo in ta iso mahaɗar sai ta hau sama, muddin gudun ruwan ba shi da yawa. Tazarar da ke tsakanin tarkon da pus ta zama gajeriya iya yiwuwa, don duk abin da aka haifa bayan tarko ya tsere masa.

Sai maganar bushewa, wadda littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba. Tururin ruwa ma yana ratsa PDMS. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da leɓe ke tsagewa, magudanar da ruwa ba ya gudu a cikinta tana iya ƙafewa ta jikin roba, iska ta biyo ta ramuka ta maye gurbin. Ka jiƙa pus ɗin cikin ruwa tatacce ya kwana kafin ranar aiki, robar ta sha ta ƙoshi. Lokacin gwaji kuma ka sa shi cikin faranti mai murfi, ka kewaye shi da auduga jiƙaƙƙiya, ka ɗora ɗigon ruwa a gindin kowane tiyo. Ɗigon nan ka riƙa duba shi duk bayan awa biyu, in ya ragu ka ƙara, don a watan Fabrairu ba ya kai la'asar.